Rasuwar Kawu Gurgur, Injin da Bai Taɓa Ɗanɗana Gyaɗa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da leƙen tsinken gwaji, Malama Balkisu ta garin Magariya, da mai gidanta Mushe Munir, wato Malam Munir, mai koyarwa a lakwal, makarantar boko ta Dogo-Dogo, da ɗiyarsu Hidaya, suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar ɗan injin niƙansu, wanda duk gidan ke kira Kawu Gurgur. Ya rasu ranar Talata da rana tsaka, a kan teburin mai gyara, bayan jinyar kwana tara. Shekararsa shida a ƙasar nan, huɗu daga ciki a ɗakin Balkisu.

Mai dariya ya yi dariyarsa, ba a hana kowa ba. Amma kafin ya dara ya tuna inda muke zaune. Daga Magariya zuwa Kwaya, daga Kwaya zuwa Dungas, gyaɗa ce a miya, ita ce a kunu, ita ce a yajin tsire, ita ce man suya, kuma ba aljihun ɗan lakwal da za ka zazzage ƙuli-ƙuli bai faɗo ba. Turmin kowane gida ya daka ta, injin niƙan kowace unguwa ya haɗiye ta, tabarmar shanya da buhun hatsi duk sun kwana da ita. A tsakiyar wannan ƙasa Allah ya ga damar ajiye yarinyar da gyaɗa ke neman ranta.

Hidaya tana da shekara uku aka gane. A gidan suna ne, wata baiwar Allah ta gutsura mata ƙuli-ƙuli don ta daina kuka. Kafin a ɗauke kwanuka leɓɓanta sun kumbura, idanunta sun shige, numfashinta ya koma fito. Munir ya ja moto, wato babur, Balkisu ta rungume yarinyar a baya, har yau ba ta iya tuna ko da takalmi ta isa gidan likita. Aka yi allura, yarinya ta dawo. Likita ya ce alerji ne, jikinta ba ya karɓar gyaɗa, ya ce na gaba zai iya fin wannan muni, kuma ɗan ɓurɓushin da ido ba ya gani ya isa. Masu zuwa dubiya suka ce borin jini ne, wasu suka ce iska, kowa da saiwar da ya kawo. Balkisu ta karɓa ta yi godiya, ta zuba a shara, ta ajiye buta da sabulu a zaure. Daga ranar gidan ya rufu. Ba a karɓar kwanon maƙwabta, ba a sayen fanke a bakin hanya, ba a zuwa biki da yarinya, in ma an je sai da kwanonta a jaka, tana zaune gefe tana kallon bakin tsaranta.

Marigayin ya zo Magariya ne cikin kwali, tare da wani foroje, shirin taimako daga waje, da ya buɗe ɗan labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, a ƙungiyar mata masu yin garin kunun yara, inda Balkisu ke aikin gwaji. Da foroje ya tattara ya tafi, kamar yadda foroje kan yi, matan ƙungiya suka zauna suka ce injin nan ba wanda ya fi Balkisu buƙatarsa, ta tafi da shi gida da sauran tsinkayen gwajin. Tsayinsa bai wuce tulun shayi ba. Yana da kofin ƙarfe mai murfi, da wuƙa mai baki biyu a ciki. Hidaya ce ta raɗa masa suna ranar da ta fara jin muryarsa, ta ce wannan kawun gurgur kawai ya iya faɗa.

Halayensa na kirki suna da yawa, amma ɗaya ya isa a tsaya a kansa: a duk faɗin Magariya da Dungas, shi kaɗai ne abin niƙan da Balkisu za ta iya dafa ƙirji ta ce babu gyaɗa a jikinsa. Abin da aka san na gyaɗa ne bai taɓa shiga bakinsa ba. Abin da ake zargi kuwa, da ya gama niƙawa za a wanke kofinsa da ruwan zafi da sabulu, a ɗauraye, a goge, a kife, shi kuma bai taɓa nuna gajiya da wanka ba, abin da ba za a iya faɗa a kan wasu masu ƙafa biyu ba.

Ga waɗanda ba su san aikinsa ba, ga yadda yake. Gyaɗa ba ta bazuwa daidai a cikin abinci. Takan laɓe a kusurwa ɗaya ta biskit ko a gefe ɗaya na dunƙulen yaji, in ka tsakuro daga gefen da ba ta nan, gwaji zai ce maka lafiya lau, alhali ga ta can tana jira. Shi ya sa sai an niƙe abin gaba ɗaya ya yi laushi lilis, ya gauraye, kowane tsakure ya zama daidai da ɗan uwansa. Wannan shi ne aikin marigayi. Yakan fara da gurgur, gurgur, in abin ya yi laushi muryarsa ta koma zuuu, a nan Balkisu ke sanin ya gama. Sai ta auna kaɗan a ma'auni, ta zuba a kwalbar ruwan gwaji, ta girgiza, ta bari ya kwanta, ta tsoma tsinke irin wanda ake gwajin zazzaɓin sauro da shi, ta jira minti goma. Layi ɗaya, ba a ga gyaɗa ba. Layi biyu, ga ta nan. Balkisu takan gyara wa mutane magana idan suka ce tsinke ya ce babu. Takan ce, "Bai ce babu ba, cewa ya yi bai gani ba. Kuma ba ya gani sai abin da Kawu ya kawo masa."

Ta bakin wannan kofi duniya ta ɗan buɗe wa Hidaya. Wani biskit na kanti ya ci jarabawa, wani ya faɗi. Garin madara iri ɗaya ya wuce. Yajin wani mai tsire da ya rantse da girman Allah cewa babu ƙuli a nasa ya fito da layi biyu jawur, har yau mutumin ba ya amsa gaisuwar Balkisu da kyau. Amma babban aikin marigayi, wanda za a daɗe ana tunawa, shi ne maganar kantun riɗi.

Ya Kaka, mahaifiyar Munir, tana zaune a Kwaya. Da gyaɗa ta yi wa 'ya'yanta bakwai sutura, hannunta ya fi shekara hamsin yana matsar mai. A ce wannan tsohuwa tana da jika, kuma jikar ba ta taɓa cin abin hannunta ba, wannan abu ya tsaya mata a wuya. Ta ce to, tun da gyaɗa ce abokiyar gaba, za ta yi wa ƙawarta kantun riɗi. Ranar kasuwar Magariya ta biyo amalanke da ƙullinta, ta wanke hannu a zaure, ta zauna ƙofar ɗakin gwaji tana sauraron gurgur. Layi biyu. Ashe a tabarmar gyaɗa aka shanya riɗin. Mako na gaba ta sayi sabuwar tabarma: layi biyu, tukunyar ce. Ta sake tukunya, sai muciya. Ta sake muciya, sai buhu. Sau bakwai tsohuwar nan tana komawa Kwaya da kantunta a ƙulle, ba ta taɓa cewa uffan ga surukarta ba, inji take yi wa faɗa, ta ce wannan ƙarfen ya fi alƙali taurin kai. Daminar da ta biyo ta ware kunya biyar a ƙarshen gonarta ta shuka riɗi shi kaɗai, ta girbe da hannunta, ta hana kowa taɓawa.

A karo na takwas Balkisu ta fito da tsinke a hannu, ta ɗaga yatsa ɗaya. Ya Kaka ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu. Hidaya ta gutsura, ta tauna, ta ce, "Kaka, haka abin naki yake da daɗi?" Tsohuwar ta juya fuska bango ta ce hayaƙi ne ya shige mata ido, a gidan da ba a hura wuta ba. Tun daga ranar, shekara biyu ke nan, ba ranar kasuwar da ba ta zo da kantu, kowane dunƙule da shaidar babban yatsanta a tsakiya. Tun daga ranar kuma ta ɗauki injin ɗan gida. In ta gama gaida mutane sai ta ce, "Ina Kawu, ya kwana lafiya?"

Rashin lafiyar ta fara ne da ɗan kuka. Bayan gurgur sai a ji wani tsiiit siriri yana biyo baya. Balkisu ta ji, ta ce in Munir ya dawo ƙarshen wata za a kai wa Ayuba mai gyara. Ya Kaka ma ta ji, ta ce ƙishi ne a muryarsa, ba wanda ya kula da maganarta. Ranar kasuwar da ta biyo, bayan an gwada kantu an ci, aka aiko kiran Balkisu daga ƙungiya, ta fita da gaggawa ta bar mabuɗi a jikin ƙofa. Ba ta fi awa ɗaya ba ta dawo.

Washegari muryar Kawu ta washe sarai, kukan ya ɓace. Balkisu ta yi hamdala, ta zuba masa wani sabon biskit. Layi biyu. Ba abin mamaki ba ne. Kwana biyu bayan haka ta gwada garin madarar da Hidaya ta shekara tana sha, sabon gwangwani. Layi biyu. Ta ɗebo geron da ke buhun gidan: layi biyu. Wake: layi biyu. Masara, dawa, busasshiyar kuɓewa, duk bakinsu ɗaya. Ta wanke kofin ta sake wankewa, ta sauya ruwan gwaji, ta zargi ma'auni, ta zargi firigo, firjin da take ajiye tsinkayen, ta zargi hannunta har ta kankare shi ya yi ja. Tsawon kwana tara Hidaya ba ta je lakwal ba, ba ta ci komai ba sai dafaffiyar shinkafar da aka wanke sau biyar da gishiri, ita ma uwar na tsaye kanta da allura a hannu har ta haɗiye lomar ƙarshe. Yarinyar ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ta tambaya kawai shi ne, "Mama, yanzu komai da komai ya zama gyaɗa?" Balkisu ta ce a'a, alhali ita ma tambayar da take yi wa kanta ke nan. Ranar kasuwar da ta faɗo cikin kwanakin nan Ya Kaka ba ta zo ba, an yi rasuwa a Kwaya.

Tsinkayen gwaji ashirin da uku ne a firigo lokacin da ciwon ya fara. Daga Yamai ake samo su, can ma daga ƙetare, kuma mutumin foroje da kan taimaka ya aiko ya bar ƙasar tun bara. Balkisu ta san haka sarai, amma tsoro ba ya barin mutum ya yi tsimi. Ta ƙone goma sha takwas kafin hankalinta ya dawo ta yi abin da aka koya mata tun satin farko a labo, wanda da ta yi shi ran farko da duk wannan bai faru ba: ta gwada injin shi kansa. Ta zuba ruwan gwaji tsura a kofin da ta wanke, ba abinci ko ƙwaya, ta kunna minti ɗaya, ta tsoma na goma sha tara. Layi biyu. Ta kifa kofin, ta sa hanci a gindin wuƙar. Ƙanshin da ya bugo ta duk ɗan ƙasar nan ya san shi tun yana goye. A jikin sandar da ke juya wuƙar kuwa ga ɗan silin gashin kaza ya manne.

Ayuba mai gyara ya duba gawar da rana tsaka, ya juya ta, ya shinshina, ya girgiza kai. Ya ce man gyaɗa ne na matsar hannu, mai ɗan laka-lakan tunkuza, ya bi sandar ya sauka ya jiƙa robar da ƙyallen da ke ƙasa, wurin kuma a matse aka rufe shi tun daga inda aka ƙera, ba ya buɗuwa sai an fasa. Duk lokacin da inji ya yi zafi, man zai riƙa tsattsafowa sama cikin kofi. Ya ce, "Madam, in don juyawa ne, wannan zai yi shekara goma yana juyawa. Ban taɓa ganin injin da ya sha mai mai kyau haka ba." Ya yi tayin in ba ta so, ya san mai tsiren da zai yi murna da shi. Balkisu ta naɗe Kawu a zane ta dawo gida. Sanarwar nan ta ɗauki wannan sa'a a matsayin lokacin rasuwa, ko da yake mamacin yana iya magana har gobe.

Ranar kasuwa Ya Kaka ta iso da ƙullin kantu, ta wanke hannu sau uku, ta sauya zane a zaure kamar kullum, fuskarta fal da fara'a. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Ɗiyata, kin ji Kawu ya daina kuka ko? Ɗan mai na ɗiga masa da gashin kaza, yadda nake yi wa ƙafar amalanke. Na farkon matsa ne, na ajiye masa musamman. Ban faɗa miki ba don kar ki ce na wahalar da kaina." Ta ƙara da cewa ta kula ƙwarai, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba, yarinya kuma tana lakwal, ƙarfe kuwa ai ba ya alerji.

Balkisu ta buɗe baki. Wannan uwar mijinta ce, wadda ko sunanta ba ta iya kamawa, wadda ta koma gida sau bakwai da kantu a ƙulle ba ta yi fushi ba. Abin da ya fito daga bakin Balkisu shi ne, "Ya daina, Inna. An gode." Ta karɓi ƙullin ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, ta kunna mamacin ba komai a cikinsa, ya yi gurgur ɗinsa ya yi zuuu, tana tsaye tana share hawaye da gefen mayafi. Ta jira minti goma. Sannan ta fito da kantun da ita ta dafa da asuba, sanin ba abin da zai gwada na tsohuwar, daga ragowar riɗin Ya Kaka da aka gwada tun Kawu na da lafiya, ta danna babban yatsanta a tsakiyar kowanne. Hidaya ta gutsura, ta dubi uwarta sau ɗaya, ta ce, "Ya yi daɗi, Kaka." Kantun Ya Kaka na ainihi kuwa, Munir ya tafi da shi Dogo-Dogo a bayan moto. Da Balkisu ta ce masa shi ya kamata ya faɗa wa mahaifiyarsa, sai ya ce, "Ni? In dubi idon Inna in ce mata ita ce? Ki ba ni lokaci." Lokacin nasa har yanzu bai zo ba.

Marigayin ya bar tsinkayen gwaji huɗu, marayu, waɗanda wa'adinsu zai ƙare kafin kaka, kuma ba su da mai kawo musu abin da za su gani. Ya bar kwalbar ruwan gwaji ɗaya da rabi, da ma'auni wanda aka zarga ba da hakkinsa ba, ana neman gafararsa, da firigo da ke fama da nasa ciwon duk lokacin da aka ɗauke wuta. An gwada wani ɗan injin roba na kasuwa a madadinsa, ya haɗu da kantu sau ɗaya kofinsa ya tsage, kuma ko da ya rayu, mai shagon ya ce ba zai rantse a kan abin da aka niƙa a cikinsa don nuna wa masu saye ba. An aika saƙo Damagaram da Yamai, ana jiran amsa. Ya kuma bar yarinya 'yar shekara tara da ta koma cin abu biyar, da uwa da ta koma tsaron ƙofa.

Da niyyar iyalin a bar gawar a kan tebur, a riƙa tada ta minti ɗaya kowace ranar kasuwa har riɗin ya ƙare. Wannan shiri ya rushe. Da Ya Kaka za ta hau amalanke ta juyo ta ce ta lura ƙofar ɗakin da Hidaya ke kwana ita ma tana kuka, mako mai zuwa za ta zo da kwalbar da gashin kazar. Ƙofar nan yarinya na taɓa ta sau hamsin a yini, da hannun da take cin abinci. Balkisu ta juya maganar ta kowace fuska. Ba yadda za a ce wa tsohuwar kar ta shafa wa ƙofa mai, ba tare da ta tsaya ta tuna abin da ta shafa wa a baya ba.

Saboda haka ga tsarin jana'iza. Malam ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, an ji an bi. Za a yi zaman ne ranar kasuwar Magariya mai zuwa, da hantsi, a zauren gidan Mushe Munir, da zarar amalanken Kwaya ya iso. Masu zuwa ta'aziyya kar su kawo abinci ko na sadaka, su wanke hannu da sabulu a ƙofa, su zazzage aljihu. Hidaya za ta karɓi gaisuwa daga tsakar gida. Kar a kai sanarwar nan gidan rediyo, domin Ya Kaka ba ta karatu amma rediyonta ba ya mutuwa, kuma wanda ya karanta ya riƙe bakinsa in ya bi ta Kwaya. Balkisu ce za ta faɗa da bakinta, a durƙushe, ko da yake har zuwa rubuta wannan takarda ba ta samo kalmar farko ba. Bayan nan za a miƙa gawar ga Ayuba ya kai ta inda zai kai.

Ana roƙon dattijuwa ɗaya daga maƙwabta ta zo da wuri ta zauna kusa. Duk wanda ya riga Ya Kaka isowa kuma, don Allah ya bar mata tabarmar da ke jikin bango, za ta buƙaci wurin jingina.